Arhar haya a bayan garin Abuja: riba ce ko bashi?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Takarda ta fito, an mayar da ni Abuja daga Kano, kuma ofishinmu yana Sakatariyar Tarayya. Wuse da Garki ban ma tambaya ba, sun fi ƙarfin albashina. Dillali ya nuna min ɗaki biyu da falo a Kubwa, wani abokin aiki kuma ya nuna min irinsa a Suleja, kuɗinsa bai wuce rabin na Kubwa da kaɗan ba. Ga iyali, ga yara uku, babbar tana aji huɗu a firamare. Raina ya fi kwanciya da Suleja. To jiya Kawu ya ce min arhar hayar bayan gari bashi ce, abin da mai gida ya rage maka hanya za ta karɓe. Shi ne na kawo maganar nan, kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Kawu: Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Ɗana, haya sau ɗaya ake biya a shekara, shi ya sa take ba mutum tsoro. Kuɗin mota kuwa kullum ne, yana fita da kaɗan-kaɗan ba ka ji. Ɗauki biro. Kwana 22 kake zuwa aiki a wata, a shekara kwana 264 ke nan. Mu ce bambancin kuɗin motar Suleja da na Kubwa, zuwa da dawowa, naira 1,500 ne kacal. Ka ga naira 396,000 ta tafi. Ban sa kuɗin babur daga gida zuwa bakin titi ba, ban sa ranar da ruwa ya tsuge direbobi suka ninka kuɗi ba. Kafin 29 ga Mayun 2023, lokacin da litar mai ba ta kai naira 200 ba, ni da kaina nake tura yara Suleja da Masaka. Da aka cire tallafi lissafin ya juye, a ƙarshen 2024 lita ta haye naira 1,000. Masu ba da shawarar da, da yawansu ba su sake buga lissafin ba.

Malam na Suleja: Kawu, Allah ya ja kwana, lissafinka daidai ne amma rabi ka buga. Ka ƙirga abin da ke fita a hanya, ba ka ƙirga abin da ke fita a tukunya ba. Shekarata goma sha ɗaya a Suleja ina aiki a cikin Abuja. Doya, masara, gawayi, kuɗin makarantar yara, kuɗin ɗinki, har aski, babu wanda farashinsa ya kamo na Kubwa. Mutum mai yara uku, cefane ya fi kuɗin motarsa nauyi nesa ba kusa ba. Sannan ba kowa ke shiga motar haya ba. Mu huɗu muke haɗa kuɗin mai a motar ɗayanmu, muna idar da sallar asuba mu kama hanya, mu bi Madalla, Zuba, Dei-Dei, mu wuce Kubwa ɗin ma mutanenta na tsaye a bakin titi suna jiran mota.

Kuma akwai abin da biro ba ya rubutawa. Suleja gari ne mai asali. Ita ce Abuja ta ainihi, wadda Zage-zagi suka kafa a 1828 ƙarƙashin Abu Ja. Da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar sabon babban birni a 1976, aka ɗauki sunan aka ba shi, garin ya koma Suleja da sunan Sarki Sulaimanu Barau. Har gobe sarkinmu Sarkin Zazzau Suleja ne. Matar da aka ɗauko daga Kano, idan ta sauka a nan za ta ji Hausa a kasuwa, ta samu Islamiyya a bayan layi, ta samu maƙwabciyar da za ta leƙo ta idan ta kwanta ciwo. Wannan nawa ne kuɗinsa?

Kawu: Malam, ban raina Suleja ba, gari ne na mutunci. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka amsa tsakaninka da Allah. Ƙarfe nawa kake shiga gida?

Malam na Suleja: In hanya ta yi kyau, kafin isha'i. In tankokin mai suka tare wajen Madalla ko aka yi hatsari a Zuba, sai abin da Allah ya yi.

Kawu: To ka ji. Ka fita yara na barci, ka dawo suna gyangyaɗi. Islamiyyar da kake yabo, yaushe ka zauna ka ji haddarsu?

Malam na Suleja: Asabar da Lahadi nawa ne, Kawu. Kuma ɗan Kubwan ma ba da la'asar yake shiga gida ba.

Maman Abba: Ku yi haƙuri in shigo. Kuna ta Kubwa da Suleja kamar babu Mararaba a duniya. Yaya Baban Hanifa, in Sakatariya ce wurin aikinka, a kilomita babu wadda ta kai Mararaba kusa cikin ukun nan. Ka bi Nyanya, Kugbo, AYA, ka faɗa Asokoro, shi ke nan ka iso. Ni ma'aikaciyar jinya ce, a nan nake shekara bakwai. Kayan gwari kuwa, duk wanda ya san kasuwar lemo ta Mararaba ya san daga nan masu shaguna a cikin gari suke saro tumatir da albasa. Hausawa kuma ga su nan birjik.

Kawu: 'Yata, shekara shida na yi a Mararaba, ba labari aka ba ni ba. Kilomita ba ita ke kai mutum ofis ba. Titi ɗaya ne tal, na Keffi, kuma shi mutanen Masaka da Ado da Sabuwar Nyanya da Karu duk suke bi a sa'a guda. Bayan tashin bam na tashar Nyanya a Afrilun 2014, da aka kafa shingen bincike a Kugbo, na sha fita ƙarfe biyar na asuba in isa ofis ƙarfe tara. A shekarun nan ne hawan jini ya kama ni. Titin Kubwa kuwa faɗinsa ya isa, hannu biyar-biyar ne in ka haɗa da na gefe. Yana cunkushewa, ban ce a'a ba, amma yana motsi.

Maman Abba: Gosulon Nyanya kam ban musa ba, Kawu. Abin da ya cece ni shi ne aikina na karɓa-karɓa ne. Ranar da nake aikin dare, ina shiga gari lokacin da kowa ke fitowa, hannuna fayau. Shi ya sa ban yarda a ce wuri kaza ya fi wuri kaza haka kawai ba. Amma gaskiya in ƙarfe takwas ake so ka sa hannu a rajista kullum, ni ma ba zan rantse maka da Mararaba ba. Kuma ka tambayi ruwa kafin ka biya ko sisi. Mu nan sai rijiyar burtsatse ko 'yan garuwa, da rani kuwa kura tana tsada.

Kawu: Yawwa. Kubwa wasu sassanta suna samun ruwan famfo daga dam ɗin Usuma. Ba ko'ina ba, shi ya sa za ka buɗe famfon da hannunka, ka kuma tambayi maƙwabta, ba dillali ba.

Ɗan Lugbe: Yaya, ni shawarata daban ce, kuma na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ka bar iyali a Kano tukuna. Ka kama ɗaki ɗaya a Lugbe ko Kubwa, ka riƙa zuwa gida duk bayan mako biyu. Yara ba su canja makaranta ba, ba ka biya hayar babban gida ba, ba ka biya kashi goma na dillali da kashi goma na lauya da kuɗin ajiya a kan babban kuɗi ba. Titin filin jirgi daga Lugbe zuwa Sakatariya miƙaƙƙe ne. Sai dai ka guji gidan da ke kwari, don wasu unguwanninmu ambaliya na shiga da damina. Rabin ofishinmu haka suke yi.

Hajiya Babba: Ɗan nan, rabin ofishinku ka tambaya, ba ka tambayi matansu ba. Ni na yi wannan zaman shekara huɗu, maigida yana Abuja ina Zariya da yara biyar. Mako biyun nan da ake faɗa, wata yake komawa, wata ya koma sai an yi albashi. Yaro ya yi zazzaɓi cikin dare ke kaɗai, an kira iyaye a makaranta ke kaɗai. Tukunya biyu ake ɗorawa, ɗaya a can ɗaya a nan, ina arhar take? Ga titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano da tun 2018 ake aikinsa, duk ranar da ya taso zuciyata a hannu take har sai ya yi sallama. Baban Hanifa, in dai da hali, ka tafi da iyalinka ko ɗaki ɗaya ne. Kuma kafin ka saurari ɗayanmu, ka zaunar da Maman Hanifa ka ji ta bakinta. Kai za ka wuni a ofis, ita za ta wuni a unguwar.

Ɗan Lugbe: Hajiya, na karɓa. Amma ko wata uku ne ya yi shi kaɗai ya san gari, ya fi ya biya hayar shekara a makance.

Hajiya Babba: Wata uku na yarda, in an sa masa rana.

Malam na Suleja: Maganar Hajiya ta ƙara min hujja. Mutumin Kano ba ya rabuwa da hanyar gida, biki ne, rasuwa ce, sallah ce. Daga Suleja kana kan titin Kaduna tun daga ƙofar gida, ga tashar Zuba kusa. Sannan ku duba gaba. Ƙasar Birnin Tarayya duk a hannun gwamnatin tarayya take, takardar mai unguwa ba ta hana rusau. Waɗanda suka ga zamanin El-Rufa'i yana minista, 2003 zuwa 2007, sun san haka. A ɓangaren Neja inda Suleja take, ko Nasarawa inda Mararaba take, ƙaramin ma'aikaci yana iya sayen fili ya yi ta ɗora bulo a hankali. Ni rarar hayar da Kawu ke cewa bashi ce, da ita na yi ginin da nake ciki yanzu. Wa ya taɓa gina gida da rasit ɗin hayar Kubwa?

Kawu: Nan kam ka kama ni, Malam, gida ka gina kuma Allah ya sanya albarka. Sai dai ka tara rarar ne lokacin man arha. Wanda zai fara yau, ina shakkar rarar za ta kai ƙarshen wata. Batun hanyar gida kuma, Kubwa tana da tashar jirgin ƙasa, tun 2016 yake zuwa Rigasa a Kaduna. Bayan harin Maris na 2022 an dakatar da shi, ya dawo a Disambar shekarar. Daga Rigasa sai ya hau motar Kano.

Maman Abba: Tunda an taɓo tsaro, kar a ɓoye masa. A farkon 2024 an yi ta satar mutane a yankin Bwari, kuma Kubwa a ƙaramar hukumar Bwari take. Ba ina cewa cikin Kubwa ba ne, amma gidan da aka ce maka yana da arha sosai, duba ko shi ne na ƙarshe kafin daji ko gindin dutse. Haka a Suleja, haka a wajenmu. Sannan duk inda ka zauna, kar ka shiga motar da ba ta tasha ba da duhu, 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, ba su san ɗan Kubwa ko ɗan Mararaba ba. Wanda ke fita tun duhun asuba ya fi shiga hannunsu, wannan kuma ya shafi ni da Malam fiye da Kawu.

Baban Hanifa: Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Ɗazu na karanta wa Maman Hanifa duk abin da aka rubuta. Ta ce zaman Kano ita kaɗai ba ta so, kuma hankalinta ya fi tafiya Suleja saboda maganar maƙwabta da Islamiyya. Ni kuma tambayar Kawu ta ƙarfe nawa ake shiga gida ta tsaya min a rai, don a Kano ni nake kai su makaranta da safe. Mararaba na ajiye ta, tunda takwas ake so in kasance a ofis. Ba zan ba dillali ko kwabo ba sai na bi hanyoyin biyu da ƙafata a ranar aiki, na rubuta lokaci da abin da na kashe. Malam, in babu takura, zan sauka wajenka daren Lahadi in bi ku ranar Litinin. Kawu, Talata kuma in kwana a Kubwa.

Malam na Suleja: Gidanka ne. Amma ranar Litinin ba za ka shiga motarmu ba, motar haya za ka bi, don ka ga abin yadda yake. Zan raka ka tasha bayan asuba.

Kawu: Madalla da wannan, Malam. Ɗana, ka taho da takardar hayar gidan Kubwan in duba ta, kuma za mu je mu buɗe famfon tare.