Hanci ke kai malam-buɗe-littafin dare wajen tsiro, ko ido?

Mai tumatir: Salamu alaikum 'yan uwa. Tumatir uku nake da su a tukwane, a bene hawa na uku, babu wata shuka kusa. Kwanaki na ga ƙananan ƙwai a bayan ganye, kafin mako ya zagayo sai tsutsa. Yaya aka yi uwarsu ta gano wurin cikin duhu?

Mai zaƙami: Wa'alaikumus salam, Malam. Na sha zama da dare ina kallon malam-buɗe-littafin nan na dare. Furen zaƙami fari ne, da yamma yake buɗewa ƙamshi ya tashi. Babban nan mai shawagi wuri guda kullum iska yake fuskanta idan zai zo, yana karkata dama da hagu. In ƙamshin ya ɓace masa sai ya yi ta kai-kawo har ya sake kama shi. Ƙahonnin nan biyu na kansa su ne hancinsa. Wata rana na lulluɓe furen da koren ƙyalle shara-shara. Ya zo, ya yi ta zagaye, ya ƙi zaro dogon bakinsa. Da na ɗaura farar takarda mai siffar fure a gefe, nan take ya zura mata baki. Har tausayi ya ba ni.

Malamar kimiyya: Abin da ka gani ke nan, Baba: ƙamshi ya kawo shi, ido ya ƙarasa aikin. Idon nasu ba na wasa ba ne. A 2002 Almut Kelber da abokan aikinta a Jami'ar Lund ta Suwidin sun nuna wani nau'insu yana bambance launi da hasken taurari kawai. Amma wajen saka ƙwai akwai mataki na uku: macen tana sauka ta ɗanɗana ganyen da ƙafafunta tukuna.

Mai kabeji: Ni ƙananan nan masu ruwan toka ne suka dame ni. Na lura kabejin da ganyensa ya yage ya fi tara ƙwai, wai warin ne ke kiransu.

Malamar kimiyya: A shukar taba kuma akasin haka aka samu. Idan tsutsa na cinta, da dare tana fitar da wani wari da ke sa macen ta kauce.

Mai tumatir: Na gode ƙwarai. Yau zan zauna gadi, da jar fitila, tunda farar ruɗa su take yi.