Filin da aka yi fasa batir a bayan unguwarmu, wa ke da alhakin biyan kuɗin gyara shi?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani a taimaka min. A bayan unguwarmu akwai wani fili da wasu suka yi shekaru suna fasa tsofaffin batiran mota suna narka dalmar ciki, yanzu sun tashi sun bar wajen, ƙasar ta yi wani toka-toka ko ciyawa ba ta fitowa, kuma nan yara ke buga ƙwallo, da damina ruwan wajen kwatarmu yake bi ya faɗa kududdufi inda awaki ke sha. Mun je sakatariya ni da mai unguwa aka ce mana babu kuɗin irin wannan aikin, mu rubuto takarda. Mun rubuta, shiru kake ji. Wani ɗan uwana ya ce wai a Amurka gwamnatin tarayya ke ba ƙananan hukumomi tallafi su gyara irin waɗannan wuraren. Mu a nan akwai irinsa? In akwai ta ina ake bi?

Malam Na Anka:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa kafin a zo maganar kuɗi, ku hana yaran nan shiga filin yau yau ɗin nan, ko da ƙaya ce ku kewaye shi. Mu mun ga abin da gubar dalma ke yi da idonmu. A 2010 ne likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta, Abare, Sunke, 'Yargalma, yara wajen 400 suka rasu. Dutsen zinare ake kawowa cikin gida a daka a turmi ko a kai injin niƙa, ƙurar ta zauna a tsakar gida, yaro mai rarrafe ya sa hannu a ƙasa ya kai baki, sai zazzaɓi da amai da jijjiga, mutane na ta cewa iska ce ko shawara.

Gyaran kansa ba wani sihiri ba ne, aikin ƙarfi ne da cin kuɗi. Akwai wata na'ura kamar bindigar wasan yara da ake ɗorawa a ƙasa ta nuna yawan dalmar da ke ciki. In ta yi yawa sai a sa fartanya da shebur a kankare saman ƙasar, a ɗura a buhu, a kai wani rami na musamman bayan gari a binne, sannan a kawo ƙasa mai kyau a shimfiɗa. Gida gida, ɗaki ɗaki, har kududdufi. Kuma likitoci ba sa fara ba yaro maganin fitar da gubar sai an gyara gidansu, don in ya sha ya koma cikin ƙurar nan an yi ba a yi ba.

Ƙauyuka 7 na farko da kuɗin ƙungiyoyin waje da na Majalisar Ɗinkin Duniya da hannun gwamnatin jiha aka yi su. Bagega ce aka bari, ita ce babba. Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 a watan Mayun 2012, amma kuɗin ba su fito ba sai Janairun 2013 lokacin Jonathan, bayan ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch da matasa su Hamzat Lawal sun tada ƙura a soshiyal midiya. Duk tsawon watannin nan yara kusan 1,500 na zaune suna jira. Kuma ka lura, ta ma'aikatun tarayya kuɗin suka bi, ba a asusun ƙaramar hukuma aka zuba ba.

Injiniya Sadiq:
Baban Khalifa, ɗan uwanka bai yi ƙarya ba kan maganar Amurka. Hukumar muhallinsu ta EPA tana da shiri na filayen da masana'antu ko gidajen mai suka gurɓata suka bari, an yi masa doka a 2002 zamanin Bush, a 2021 kuma aka ƙara masa dala biliyan 1.5. Gari ne ke rubuta takardar nema, a yi gasa, wanda ya ci a ba shi. Kuɗin awon gurɓatar filin daban, kuɗin gyara daban. Sharaɗin da ya fi burge ni shi ne, in kuɗin gyara ake nema, dole filin ya zama mallakin mai nema, kuma ba shi ya gurɓata ba, wanda ya ɓata shi ake bi ya biya.

Mu abin da ya fi kusa da wannan shi ne asusun muhalli, wanda ake ce wa kuɗin ikolojikal, tun 1981 yake, kuma ƙananan hukumomi na da kasonsu a ciki daga rabon arzikin ƙasa. Sai dai galibi zaizayar ƙasa da ambaliya ake ambata da shi, kuma kowa ya san labarin asusun haɗin gwiwa da jiha. Kotun Ƙoli dai ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Don haka cewar da aka yi maka babu kuɗi, ka koma ka tambaya takamaimai, ina kason muhalli?

Maman Iman:
Hmm Injiniya kai ma dai. Ya koma ya tambaya su ce masa ciyaman ya yi tafiya 😂 Ni dai abin da zan ce, Baban Khalifa ka kai yaranka a auna musu jini, musamman 'yan ƙasa da shekara 5, don gubar nan tana taɓa ƙwaƙwalwa ko yaro bai kwanta ba, sai dai ka ga karatu ya ƙi shiga a yi ta dukansa a banza. Kuma a faɗa wa mata, wanke hannun yara kafin cin abinci, a daina shara a bushe sai an yayyafa ruwa, takalmin da aka shiga filin da shi kar ya shigo ɗaki.

Malam Na Anka:
Gaskiyar Hajiya, kuma sakamakon jinin nan shi ne makaminku. A Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja sai da yara 28 suka rasu a 2015, gyara bai kankama ba sai 2016. Ku kar ku jira a kai can. Ku haɗa takardun asibiti da hotunan filin, ku kai ma'aikatar muhalli ta jiha da ofishin NESREA, hukumar tarayya mai tilasta bin dokokin muhalli, kwafi ɗaya ga ɗan majalisarku, ɗaya gidan rediyo, ko'ina a buga muku hatimin an karɓa.

Injiniya Sadiq:
Na manta, kar matasa su ce za su yi aikin gayya su kwashe ƙasar da kansu fa, ƙurar za su shaƙa, su kuma zubar a wani wajen. Sannan a binciko mai filin, shi ya ba da haya yana karɓar kuɗi ai.

Baban Khalifa:
Allah ya saka da alheri. Mai filin muna sallah masallaci ɗaya da shi, nan ne gizo ke saƙar. Zan samu liman da mai unguwa bayan isha'i. Maman Iman awon jinin nan kowane asibiti ke yi ko sai na koyarwa?