Likita ko Jarumi? Musayar Baitoci a kan Zaɓin Gu Ae-jung

Ƴar Fagge:
Salamu alaikum. Magana ce a kan The Greatest Love, fim ɗin Koriya mai kashi 16 da tashar MBC ta haska a 2011. Gu Ae-jung mawaƙiya ce da aka daina yayinta. Maza biyu ke sonta: Dokko Jin, jarumin da ƙasar duka ke ji da shi, da Yoon Pil-joo, likitan gargajiya. Jarumin ta zaɓa, ni kuwa ban yarda ba. Mai amsa ya amsa da baiti.

Ae-jung zo nan mu zauna, ki faɗa min gaskiya,
Wa ke barin inuwa ya tsaya rana tsakiya?
Ga likita mai kunya, mai haƙuri da juriya,
Ya san saiwa da allura, ya san ciwon jijiya,
Ya miƙa miki fure a idon dukkan duniya,
Kika bi mai ɗaga hanci, sarkin cika baki da fariya.

Na-Gwale:
Ƙanwata, kin yanke hukunci ba ki ji ta bakin wanda ake ƙara ba.

Fariya kam yana da ita, ni ban ce babu ba,
Sai dai ba ki faɗi abin da ke ƙirjinsa ba.
Shekara 10 da tsaga shi, kuma bai manta ba,
Zuciyar inji aka sa masa, ba ta tsoka ba.
Agogon hannunsa ba don duba lokaci ba,
Bugu yake ƙirgawa, 60 zuwa 90, bai yarda ya haura ba.
Ae-jung na giftawa, agogo bai ƙara yin shiru ba.
Wanda so zai iya kaiwa kushewa, kuma bai gudu ba,
Kira shi duk abin da kika ga dama, amma ba rago ba.

Ƴar Fagge:
Yaya, shaidar agogon nan ni ban karɓe ta,
Ran da aka kwantar da shi za a yi tiyata,
Waƙar su Ae-jung likitan zuciya ya kunna, kunne ya riƙe ta,
Duk sanda ya ji sautin, zuciya ta tuna wuyarta.
Tsoron wuƙa ne wannan, ku kuka sa masa ƙaunarta.
Shi kansa da ya gano haka, ai juyawa ya yi ya bar ta.

Na-Gwale:
Ya juya, na yarda. To me ya dawo da shi?
An kashe waƙar, bugun bai rabu da shi.
Dankalin da ta kawo gidansa, guda ya rage ya adana shi,
Yana ba shi ruwa kullum har tsiro ya fito a kanshi.
Mutumin da ko gaisuwa sai ya ga damar amsa ta,
(ku yafe min, amsa-amo ya kuɓuce a nan)
Shi ne ke renon dankali. Likitanki ya yi haka mu gan shi.

Hajiya Mai Lalle:
Ku yara kun tsaya kan maza, kun bar magana,
Ku dubi yarinyar da aka ɓata wa suna.
Su huɗu ne a ƙungiya, suna tashe dare da rana,
Tafiya ta watse, aka ce ita ta ƙona.
Ta san dalili sarai, ta rufa asirin ƙawarta Mi-na,
Shekara 10 tana haɗiyar zagi ba ta nuna.
Uba da wa da ɗan wa, a inuwarta suke kwana,
Duk shirin barkwancin da ya kira ta, ta je ta zauna,
A yi mata ba'a ta yi dariya, ciki yana ƙuna,
Don ba a zuwa cefane da tsohon suna.

Likita mutumin kirki ne, ƴata, amma so yake ya cire ta daga harkar baki ɗaya ta huta. Ita kuwa sana'arta ce, ba ta da wata. Dokko Jin a cikin harkar yake, ya san farashin tsayawa kusa da ita: talla za ta gudu, masoya su juya baya. Da saninsa ya fito talabijin ya ce ita yake so. Gong Hyo-jin, wadda ta fito a matsayin Ae-jung, ba a banza ta ɗauki kyautar fina-finai ta Baeksang ta 2012 da wannan rawar ba.

Autan Damagaram:
Ni Anti Ƴar Fagge nake bi, amma da wata manufa:
Ku bar likita ya huce, kar ku tura shi ya afka,
Ga Kang Se-ri na bin sa, tana zuwa asibitinsa tana leƙa.
Wadda aka haɗa da Dokko Jin soyayyar ƙarya don kasuwa,
Ita ce ta kamu da na gaske, ta rasa inda za ta sa kanta.
Baitina bai daidaita ba, na sani, ku bar ni haka.

Malam Alƙalami:
Auta, Allah ya shirye ka, layi biyar amo huɗu. Hajiya, abin da kika taɓo bai tsaya a fim ba. A watan Maris na 2024, Karina ta ƙungiyar mawaƙan Koriya aespa ta rubuta takardar ban haƙuri da hannunta, bayan an bayyana soyayyarta da jarumi Lee Jae-wook. Wasu masoyanta har mota mai allon rubutu suka tura ƙofar kamfaninta na SM. Zuwa Afrilu an sanar sun rabu.

Budurwa ta so saurayi, ina abin mamaki?
Sai ga ta da biro tana roƙon masu baki.
Sun sayi faifai, sun ce har zuciya na ciki,
Wanda bai san ɗakinki ba shi ke zaɓa miki.
Ƴan uwa mata biyu, su Hong, suka rubuta wannan aiki,
Shekara 13 kafin takardar Karina sun gano ciwon tun daga tushe har reshe, ba tsaiko ba birki.

Hajiya Mai Lalle:
Malam, layinka na ƙarshe ya fi zanen goyo tsawo, kai ma a shirye ka.

Ƴar Fagge:
Hajiya na ji, Malam na ji, na sassauta,
Ya tsaya mata gaban jama'a, wannan ya kyauta.
Sun yi aure, sun haifi ƴa, Allah ya raya ta.
Amma tsawar da ya sha yi mata tun farko ban manta,
Kashi nawa yana wulaƙanci kafin ya san darajarta?
Da ƙanwata ce, Yaya, da likitan zan kai ta.

Na-Gwale:
Kai ta mana, in ita ta yarda ta bi ki.
Sake duba fim ɗin, ki ga wa ta jira a ƙofar ɗaki.

Ƴar Fagge:
Data ta ƙare, Yaya. Turo min kati in duba.