Yaya zan mayar da zane mai ruwan toka ya koma baƙi da fari zalla?

MaiAlƙalami ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina neman taimako. Na zana tambari da baƙin biro a kan farar takarda, ina so a yi mini hatimin roba da shi. Mai yin hatimin ya ce injinsa bai san ruwan toka ba, wuri ko dai ya sha tawada ko kada ya sha. Na ɗauki hoton zanen da waya, na buɗe a manhajar gyaran hoto ta GIMP na cire launi, sai takardar ta fito toka-toka, gefen hagu ma ya fi duhu saboda inuwar hannuna. Na gwada Threshold. In na ja ma'aunin sama don siraran layukan da ke kewaye da rubutun su fito, sai inuwa ta cinye kusurwar hagu ta zama baƙi ƙirin. In na ja shi ƙasa, kusurwar ta washe amma layukan su tsintsinke. Ina mafita?

TsohonMaɗaba'a ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Threshold bai yi maka laifi ba, ka dai kira shi da wuri ne, shi kuwa aikinsa na ƙarshe ne.

Kowane fiksel, wato ɗan ƙaramin ɗigon da ake haɗa hoto da shi, a hoto mai ruwan toka yana da lamba daga 0 zuwa 255: 0 baƙi ƙirin, 255 fari fat. Threshold iyaka guda ɗaya yake kafawa, yawanci a tsakiya wajen 127 ko 128. Abin da ke ƙasa da ita ya koma baƙi, abin da ke sama ya koma fari. To a hotonka, farar takardar da ke cikin inuwa ta fi siririn layin da ke cikin haske duhu. Ka ga ashe babu lambar da za ta raba maka su, ko ka kwana kana jan ma'aunin.

Don haka hasken takardar za ka fara daidaitawa. Kwafi leyar hoton (Layer), wato ka ɗora kwafin hoton a kan na asali. Wadda ke sama ka sa mata Gaussian Blur mai yawa sosai, har zanen ya narke, ba abin da ya rage sai haske da inuwa. Sannan ka sauya yanayin wannan leyar zuwa Divide. Manhajar za ta raba lambar kowane fiksel da ta hasken da ke kewaye da shi, sai ka ga takardar ta yi fari bai ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Haɗe leyoyin biyu, ka ɗan ƙara wa layukan duhu da Levels, sai ka koma Threshold.

Amma in da sikana a kusa, ni dai na fi son ka yi amfani da ita, a kan 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci. Kuma ka yi sikanin ɗin da ruwan tokarsa, kada ka bar ta ta yanke maka baƙi da fari da kanta, domin abin da ta zubar ba ya dawowa.

'YarZane ta amsa:

Malam ya gama magana, sai ɗan ƙari kan adanawa, don a nan wahalar mutane da yawa take tashi a banza. Kada ka adana shi a JPEG. Yadda JPEG yake matse hoto, sai ya watsa ƙurar toka a gefen kowane layi. Shiga Image, sai Mode, sai Indexed, ka zaɓi na baƙi da fari mai bit 1, ka fitar da shi a PNG ko TIFF. Kuma in ka ga toka-toka a allo kada ka tsorata, buɗe shi a kashi 100 ka duba. In an ƙanƙanta hoto, allon ne yake gauraya baƙi da fari.

SabonShiga ya tambaya:

Don Allah in ɗan raɓa. Na yi haka da hoton fuska, sai ya koma dabbare-dabbare, hanci ma ya ɓace. Ko na yi kuskure ne?

'YarZane ta amsa:

Ba ka yi ba ɗan'uwa, fuska ce ba ta jure iyaka guda. Ita ɗigo-ɗigo take so. A wannan akwatin na Indexed akwai zaɓin Floyd-Steinberg, dabarar da Robert Floyd da Louis Steinberg suka wallafa a 1976. In an tilasta wa fiksel ya zama baƙi ko fari, bambancin da aka samu sai a rarraba wa maƙwabtansa na dama da na ƙasa. Wuri mai duhu ɗigon ya yi yawa, mai haske ya yi ƙaranci, ido kuma daga nesa ya ga inuwar fuska.

MaiAlƙalami, kai kuma ka tabbata wannan zaɓin a kashe yake. Ƙananan ɗigo a jikin roba tawada suke tarawa, hatimin ya riƙa fitowa da datti.

MaiAlƙalami ya amsa:

Allah ya saka muku da alheri. Divide ɗin ya kawar da inuwar tas, layukan duk sun fito a haɗe. Sai dai da na buɗe sosai, bakin da'irar ya yi zarto-zarto. Wannan zai fito a hatimin?

TsohonMaɗaba'a ya amsa:

Zai iya fitowa in fiksel ɗin sun yi kaɗan. Koma kan na ruwan tokar, ka ninka girmansa sau biyu ko uku kafin Threshold, bakin zai fi santsi. Ko kuma ka kai shi manhajar zane ta Inkscape ka yi Trace Bitmap, ya mayar maka da shi layuka waɗanda ba sa fashewa komai girman da aka ja su. Tambayi mai hatimin ko yana karɓar SVG ko PDF, in yana karɓa ka ba shi wannan.