Mujallun giyar inabi: kuɗin da muke zubawa yana biya kuwa?

Ɗan Wusasa, Ingila

Jama'a, barkanmu da war haka. Wata huɗu ke nan da aka ɗauke ni daga wanke-wanke aka mai da ni gaba, ina kai wa baƙi abinci a wani gidan abincin Italiyawa. Abin da ya sha mini kai shi ne takardar giya. Kwalba wajen tamanin, kowace da sunan da ke karya harshe. In baƙo ya tambaye ni bambancin Barolo da Chianti sai in tsaya ina yaƙe kamar an kama ni da hannu a tukunya. Manajanmu ya ce in riƙa karanta mujalla. Na leƙa shago na ga Decanter da Wine Spectator, kuɗinsu kuwa ba na wasa ba. Waɗanda suka taɓa biyan kuɗin shekara, don Allah me kuka samu a ciki?

Anti Ladi, Afirka ta Kudu

Ƙanena, na yi shekara tara a otal nan kusa da Stellenbosch, kuma na biya wa Decanter na shekara biyu. Tunda a Ingila kake, ita ta fi kusa da kai, don a Landan ake buga ta tun 1975, kuma yawancin kwalaben da take magana a kai za ka same su a shagunan garinku. Amma ka ji yadda nake karanta ta: shafukan baya, inda ake jera kwalabe ɗari da maki, wucewa nake yi. Dogayen labaran yanki su ne suka koya mini aiki. Wata guda a ɗauki yankin Piemonte na Italiya, a nuna maka taswira, a gaya maka Barolo daga inabin Nebbiolo ake yin sa, Chianti kuma daga Sangiovese a Toscana. Ka ga amsar baƙonka ta fito ke nan. A nan kuwa abin da kowa ke riƙewa shi ne Platter's, littafin shekara-shekara mai ba da taurari har biyar, tun 1980 ake fitar da shi. Sau ɗaya nake saye, ya kai ni shekara.

Mai Sito, Abuja

Ni ban sha, ban taɓa ɗanɗanawa ba, lissafin kayan otal kawai ke hannuna. Maigidan ne ya biya wa wata mujalla daga Amurka, ba zan kama suna ba. A shekara guda kwafi biyar suka iso hannunmu, biyu ruwa ya jiƙa su. Waɗanda suka iso ɗin ma, na zauna da biro na duba kwalaben da suka yaba da abin da dilolinmu na Legas ke kawowa, da ƙyar na haɗa uku. Ana ta yabon abin da ko a mafarki ba za ka gani a kasuwarka ba. Amfani ɗaya na gani: in dila ya ce mini kwalbarsa ta ci maki 92, yanzu na san in tambaye shi, wa ya ba ta, kuma girbin wace shekara? Sau biyu na kama ana liƙa makin girbin wata shekara a kan kwalbar wata shekarar daban.

Tsohon Ɗan Jarida, Kaduna

Malam Mai Sito, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Maganar maki ɗin nan tana da tarihi. Wani lauya Ba'amurke, Robert Parker, shi ya yaɗa ma'aunin maki 100 da ya fara fitar da The Wine Advocate a 1978. Abin da ya sa aka yarda da shi, bai karɓar talla, masu karatu ne ke biyan kuɗin takardar. Da ya yabi girbin 1982 na yankin Bordeaux a Faransa kuma maganarsa ta tabbata, sai ya zama bakinsa ke ɗaga farashi ya sauke. Har aka riƙa zargin masu gonaki da sauya yadda suke haɗa giyarsu don ta dace da harshen mutum ɗaya. Ya yi ritaya a 2019, kuma a shekarar kamfanin Michelin ya mallaki takardar gaba ɗaya.

Sannan ma'aunin kansa akwai wayo a ciki. Daga 50 yake farawa, kuma a aikace kusan duk abin da ake bugawa tsakanin tamanin da wani abu ne zuwa ɗari. To ina ɗarin take?

Ga wanda ya fi ba ni dariya. A 2008 wani marubuci, Robin Goldstein, ya ƙirƙiri gidan abinci na bogi a Milan mai suna Osteria L'Intrepido, ya tsara masa takardar giya, ya biya dala 250 kuɗin shiga, ya aika wa Wine Spectator. Suka ba shi lambar yabo. Gidan da ko tubali ɗaya ba shi da shi! A cikin takardar har da kwalaben da ita mujallar ta taɓa ba su maki na ƙasa. Su dai sun kare kansu da cewa takarda suke dubawa, ba ziyara suke kaiwa ba, kuma mutumin ya sha wahala wajen shirya yaudarar. Na yi shekara ashirin a ɗakin labarai, na san yadda hannun edita ke sanyi in mai talla ne a gabansa. Ban ce ana sayen maki ba. Na ce ka duba wanda ya sayi shafin da ke kallon makin.

Anti Ladi, Afirka ta Kudu

Baba, gaskiya ka faɗa, amma a yi musu adalci. Wine Spectator suna cewa a rufe suke ɗanɗanawa, ba su ganin sunan kwalba. Lambar gidajen abinci daban, ɗanɗano daban. Jerin kwalabe 100 da suke fitarwa ƙarshen kowace shekara kuwa, baƙinmu Amurkawa da shi suke zuwa a waya. In ban san abin da ke ciki ba ni ce zan ji kunya.

Ɗan Maraɗi, Faransa

Sannunku da hira. Ni karatun noma ya kawo ni Montpellier, ba na sha, amma a ɗakin karatunmu akwai La Revue du vin de France, wadda ta faro tun 1927, nakan ɗauka. In sun shiga cewa wannan tana ƙamshin fatar sirdi, waccan ƙamshin jiƙaƙƙen dutse, sai in rufe, don ban san abin da suke nufi ba kuma ba zan sani ba. Abin da ke riƙe ni shi ne gona. Sanyin da ya faɗo a Afrilun 2021 ya ƙone tohon inabi a yankuna da yawa na Faransa, manoma suka kwana suna kunna wuta tsakanin kunyoyi. Na karanta wannan na tuna mahaifina da farin ɗango. Ga kuma labarin ƙwaron phylloxera da ya kusa gama da gonakin Turai a ƙarni na 19, aka tsira ta hanyar aura itacen Turai a kan saiwar inabin Amurka. Irin auren da muke yi wa mangwaro ne sak. Don wannan kaɗai nake buɗe ta, kuma ba da kuɗina ba.

Kwame na Zango, Ghana

Ɗan'uwa, kada ka biya komai tukuna. Ni da manhajar Vivino nake aiki, ka ɗauki hoton kwalba ta fito maka da ra'ayin mutane. Kyauta.

Tsohon Ɗan Jarida, Kaduna

Ɗana, ra'ayin mutum dubu da ba ka san ko ɗayansu ba, wani ma a buge ya rubuta. Gara edita, in ya yi ƙarya akwai sunansa a ƙasa.

Ɗan Wusasa, Ingila

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na je ɗakin karatu na unguwarmu, ashe da katinsu ana karanta mujallu a waya ba ko kwabo, har da Decanter. Na fara da labarin Toscana kamar yadda Anti ta ce. Da dare wata tsohuwa ta tambaye ni abin da zai tafi da taliyarta mai miyar tumatir, na ce Chianti, na ƙara da cewa tsaminsa na tafiya da tumatir. Ta kalle ni ta ce a kawo. Anti, saura Faransa, sunayen nan na Bourgogne sun fi ƙarfina. Daga wane yanki zan kama?