Sabuwar amfilifaya ta mai bawul tana gurnani idan na ƙara ribab

Salam 'yan uwa masu jita, don Allah a taimaka min.

Sati biyu kenan yayana ya aiko min da amfilifaya daga Amurka, sabuwa ce amma zubin na shekarun 1960, bawul (kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sauti) samfurin 6V6 guda biyu, sifika inci 10. Wallahi sautin ta ba a magana, na jera ta da tsohuwa ta mai taransisto na ɗaura jita ɗaya, tsohuwar sai ka ji kamar rediyo a cikin kwali, ita kuma wannan ko a hankali ka taɓa igiya sautin a cike yake fitowa da ɗumi.

Matsalar ita ce gurnani, guuuu ƙasa-ƙasa. Maɓallin ribab (mai sa sauti ya yi amsa-kuwwa kamar a babban ɗaki) yana sifili kusan shiru, da na murɗa shi ya wuce 3 sai ya taso, a 6 kam ba ta kaɗuwa. Ko na zare jitar gaba ɗaya yana nan.

Ita wutar volt 120 take ci mu kuma 230 muke da shi, shi yasa na haɗa ta da taransifoma mai rage wuta. Na canja waya har biyu, na gwada janareta, duk ɗaya. Da na ja taransifomar nesa ya ɗan ragu amma bai tafi ba. Na lura kuma soket ɗin ɗakin ba wayar ƙasa. Cikin ta kam ban buɗe ba, na san tana riƙe wuta ko an kashe ta.

Rashin wayar ƙasan ne ke jawo wannan gurnanin, ko bawul ɗin ribab ne zan canja?