Ina ruwan da ya kewaye Iddo ya tafi?

Ɗan Ebute: Salamu alaikum jama'ar gida. Wallahi abin nan na cina a rai kuma ba mai magana. Yaran yanzu ba su san Iddo na nan Legas tsibiri ba ne, da ruwa ya kewaye shi kafin a cike tsakaninsa da Ebute Metta, yau ka wuce a motar haya ta danfo ko alama ba za ka gani ba sai gada da kwata. Biktoriya Ailan ma haka aka cike fadamar gabas aka manna ta da Lekki, yanzu ga masu gina sabon birnin Eko Atlantic sun zuba yashi kan Bar Beach inda talaka ke zuwa shan iska ranar sallah. Sun cinye mana Iddonmu sun cinye bakin teku, kowa yayi shiru.

Maman Khalifa: Wa alaikumussalam. Malam Iddonmu kuma? Namu mu su wa? Ƙasar Yarbawan Awori ce fa, su suka fara zama a wurin tun kafin a san da wani bature. Irin wannan maganar ce ke jawo mana baƙin jini a kasuwa.

Ɗan Ebute: Hajiya ni ba gado na ce na ci ba, a nan aka haifi babana.

Alhaji Mai Goro: A'a bar shi ya faɗa Hajiya. Tashar jirgin ƙasa ta Iddo su wa suka raya ta? Tun da jirgi ya isa Kano a 1911 iyayenmu ke sauke shanu da wake da fatu su ɗauki goro, wanda yayi gumi a wuri ai yana da bakin cewa namu.

Bazazzage: Alhaji da girmanka amma 1912 aka buɗe layin, kuma ta Zariya ya bi kafin ya zo muku, ku Kanawa komai sai kun sa kanku a gaba.

Alhaji Mai Goro: Yaro jirgi ya shiga Kano a 1911, je ka tambayi manyanka.

Injiniya S.: Jama'a ku dawo kan ruwan mana. Bar Beach ba haka kawai teku ya cinye ta ba, katangun dutsen da turawa suka gina a bakin mashigar tashar jiragen ruwa wajen 1908 zuwa 1912 su suka tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma, sai gefen gabas ya dinga zaizayewa shekara da shekaru har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello. Duk inda aka cike, ruwan sai ya nemi wata hanya, shi yasa damina ke wahalar da mutanen Lekki.

Maman Khalifa: Ni dai a janye kalmar namu. In Bayerabe ya tashi a Sabon Gari yace Kanonmu zaku yarda?

Bazazzage: Ba zasu yarda ba wallahi, na san su.

Baba Ɗan Maroko: 'Ya'yana kuna faɗa kan namu da naku. Mu da aka rushe mana unguwar Maroko a watan Yulin 1990 zamanin gwamna Raji Rasaki, ruwan sama na zuba mata na ɗauke da katifa a ka, ba wanda ya tambaye mu yare, Bayerabe da Bahaushe da Egun tare muka kwana a titi. Yau je ka ga gidajen da ke wurin.

Sani Ikoyi: Allah ya saka muku Baba amma gaskiya ba don katangar Eko Atlantic ba da yanzu rabin Biktoriya Ailan na cikin ruwa, gari ba ya girma sai da fili.

Ɗan Ebute: Kai dama gadin gidajensu kake, dole ka kare su.

Sani Ikoyi: Gadi sana'a ce, na fi mai zaman kashe wando yana kukan tsibirin da bai taɓa gani ba.

Admin: To ya isa haka, kar a kai ga zagi. Abin da na fahimta shine yawancin 'yan gida sun yarda Bahaushe na da haƙƙin cewa Iddonmu saboda tarihin tasha kamar yadda Alhaji ya kawo hujja, Hajiya ce kaɗai ta ƙi, kuma a 1911 jirgi ya isa Kano, a 1912 aka buɗe layin. Maganar yashi Injiniya ya buɗe mata wani zaure daban. Na rufe.